Gidan Lavonne da Notin da Ba a Ɗaure Ba

Akwai wani kafinta a garinmu Kessler, nan yammacin Kansas, sunansa Alvin Pankratz. Shekara arba'in da huɗu ya yi yana gina gidaje da rumbuna da garken shanu a karkarar nan. Ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi ko gini zai yi ƙarko, sai ya bugi bangon da tafin hannu ya ce, "Ni na yi shi." Iyakar takardar shaidarsa ke nan, kuma ta ishe mu.

Yana da suruki, mijin 'yarsa tilo Charlene, ana kiransa Garrett Voss. Ni na koyar da Garrett a aji biyar, don haka ina da bakin faɗa: yaro ne mai kaifin kai wanda bai taɓa kai aikin gida ƙarshen shafi ba.

Da ya girma ya riƙa bin surukinsa aikin gini, amma idonsa kullum yana sama. Garrett mafarauci ne na guguwa. Daga Afrilu zuwa Yuni, da zarar hadari ya haɗo ta kudu maso yamma, sai ya yar da guduma ya faɗa a-kori-kurarsa mai eriya bakwai, ya bi bayan guguwa yana ɗaukar ta a waya, mutum dubu arba'in suna kallo suna yi masa kirari.

Shekara shida da suka wuce, wata dattijuwa mai suna Lavonne Dirks, wadda mijinta ya rasu, ta sa Alvin ya gina mata ɗan gida a bakin gonar alkamarta.

Gidan katako a kan daɓen siminti yake zama. Abin da ke riƙe shi da ƙasa ƙarafa ne masu zare da ake dasawa tun simintin yana ɗanye. A zura katakon ƙasa a kansu, a bi kowanne a ɗaure shi da noti. In an rufe bango, ba mai sake ganinsu.

Alvin ya ɗaure na ɓangaren gareji da hannunsa, guda goma sha ɗaya. Sai ranar da likita ya sa masa don aikin gwiwa ta zo. Ya miƙa wa Garrett sifana da bokitin noti.

"Saura talatin da biyu," ya ce. "Aikin rabin yini ne."

"Baba, ka je ka kwanta. Kamar an yi an gama."

A ranar hadari ya haɗo a jihar Oklahoma, maƙwabciyarmu. Garrett ya ce wa ma'aikata su kama katakon da ƙusa su ci gaba, gobe zai dawo ya ɗaure. Bai dawo ba sai bayan kwana uku, ya tarar an rufe bango. Alvin ya kira shi daga gadon asibiti.

"Ka ɗaure?"

"Tsaf, Baba."

Bana, ranar sha tara ga Mayu, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, jiniyar gari ta yi kuka. Alkama ta fara yin kai, sama ta yi wannan koren da kowa ya sani alamar guguwa ce. Lavonne ta ɗauki maganinta ta sauka ramin ɓuya na bayan gida. Guguwar ta ratso gonar maƙwabcinta Unruh, ta tsallake hanya, ta bi ta kan gidanta. Garrett yana rabin mil a bayan guguwar yana ihu a waya.

Da ya iso, babu gida. Daɓe ne kawai, sai guntun bangon gareji a tsaye.

"Biyar!" yake cewa, yana zagayawa da wayar. "Jama'a, guguwa mai lamba biyar ce wannan! Ku dubi yadda ta share shi!"

A lokacin Lavonne tana ƙarƙashin ƙasa, ta zame a matakala ta karye a ƙugu, firjinta ya faɗo ya danne ƙofar ramin. A ba shi haƙƙinsa: shi ya fara jiyo muryarta, shi ya ture firjin, shi ya kira motar asibiti. Amma na kalli hoton da agogo a hannuna. Minti huɗu da daƙiƙa goma ya yi yana kiran biyar kafin ya tuna akwai mai gida.

Bayan an tafi da ita ya hau kan daɓen, wayar a aljihu. Ƙarafan suna nan a jere, a miƙe, tsirara. Ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Gidan zamewa ya yi daga kansu kamar an cire hula.

Ba a auna guguwa da faɗinta ko ƙararta. Da abin da ta lalata ake auna ta, daga sifili zuwa biyar. In gona kawai ta bi, ko ta kai faɗin mil, ƙaramar lamba za ta samu, domin alkama ba ta ba da shaida. Gida ke ba da shaida. Biyar kuwa ita ce wadda ba ta barin komai, ko wa ya gina shi, ko yaya aka ɗaure shi.

Da farko don suna Garrett yake son biyar. Daga wannan yammacin ta zama mafakarsa. In biyar ce, ba mai tambayar noti.

Washegari ofishin hasashen yanayi ya turo injiniya, wata gajeriyar mace mai suna Ybarra, da takalman gona da igiyar awo. Ba ta dubi sama ba ko sau ɗaya. Durƙusawa ta yi a kan daɓen tana bin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Garrett yana biye da ita.

"Injiniya, ni na ga abin nan da idona. Shekara sha huɗu ina bin su. Biyar ce."

"To."

"Ko ba biyar ba, huɗu mai ƙarfi."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta. "Malam, kai ka ga iska, ni katako nake karantawa. Wannan gida ba ɗauke shi aka yi ba, ture shi aka yi. Ba a ɗaure yake ba. Biyu ce."

Haka ta rubuta. Rahoton bai ambaci sunan kowa ba. Ba ya buƙata. Duk Kessler ta san wa ya gina gidan Lavonne.

Kowace safiya manoma suna zama shan kofi a shagon rumbun alkama. Ranar Laraba Alvin ya shigo yana ɗingishi kamar kullum. Duane Ratzlaff, shugaban kwamitin gini na cocinmu, shi ya fara.

"A'a, ga Ni-na-yi-shi! Alvin, laluba aljihunka mana, ko notin Lavonne suna ciki."

Wani ya ce, "Bar shi, da addu'a yake ɗaure gida yanzu."

"To addu'ar ma ba ta kama ba."

Aka bushe da dariya. Alvin ya sha kofinsa a tsaye, ya wanke kofin, ya kife shi, ya fita.

Da la'asar ya sami Garrett a shagon aikinsu, ya rufe ƙofa.

"Talatin da biyu, Garrett."

"Baba, guguwar ce ta kwance su. Ba ka ga ƙarfinta ba ne."

"Guguwa ba ta yawo da sifana."

Garrett ya sunkuyar da kai.

"Sunana ne a kan aikin," Alvin ya ce. "Ba zan tona mijin 'yata a teburin kofi ba. In za a ji, daga bakinka za a ji. Ka je asibiti ka faɗa wa matar nan."

"Zan je, Baba."

Bai je ba. Maimakon haka ya hau shafinsa ya fara yaƙi. Ya ce an raina guguwarmu. Ya ce an turo mana matar birni da ba ta taɓa jin ƙamshin hadari ba. Ya sa hoton Ybarra a durƙushe ya rubuta a ƙasa, "Tana neman kwabon da ta yar." Ya buga takardar koke a sake awo, ya ajiye ta a shagon rumbun alkama da gidan mai.

Mutum ɗari biyu da goma sha bakwai suka sa hannu. A nan nake so ku tsaya ku yi lissafi, ko ɗan aji uku zai iya. In guguwar biyar ce, Alvin ba shi da laifi. In Alvin yana da laifi, guguwar ba biyar ba ce. Amma mutanen da suka yi masa dariya da safe su ne suka sa hannu da rana. Muna son babbar guguwa don a san garinmu, muna kuma son wanda za mu tauna. Muka haɗa duka biyu muka haɗiye.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi taro a zauren coci, mu tamanin. Tun bara aka ba Alvin aikin gina babban ɗakin ɓuya na cocin, wanda zai ɗauki tsofaffi da yaran makarantar Lahadi. Duane ya miƙe.

"'Yan'uwa, ba wanda ke zargin kowa. Amma rayuka ne za su shiga ɗakin nan."

Ya ce 'yan kwamiti su ɗaga hannu. Su goma sha ɗaya ne, tara suka ɗaga. Alvin yana zaune a layi na uku, hularsa a kan gwiwa. Fasto ya tambaye shi ko yana da magana.

"Babu," ya ce.

Garrett yana bakin ƙofa yana latsa waya. Ranar Litinin Alvin ya hau tsani da gwiwar nan tasa ya sauke allon da ke ɗauke da sunansa daga saman shago.

Koken ya yi aiki. Kwana goma sha biyu bayan guguwar, ofishin ya turo injiniyoyi uku, har da wani dattijo mai farin gemu da aka ce ya auna guguwa fiye da ɗari. Ybarra ce ta rako su. Ba a taɓa komai a wurin ba, tunda mai gida tana asibiti. Rabin gari ya fito ya tsaya a bakin gona. Garrett ya kunna wayarsa, dubban mutane suna kallo kai tsaye.

"Yau gaskiya za ta fito," ya ce musu.

Sai ga motar Charlene. Ta fito da keken guragu, ta taimaka wa Lavonne ta zauna, ta turo ta har bakin daɓen. Likita ya hana, Lavonne ta ce gidanta ake aunawa, ba gidan likita ba. Alvin ma ya zo, ya tsaya shi kaɗai nesa da jama'a.

Dattijon injiniya bai yi sauri ba. Ya je ya duba rumbun da ke taku ɗari biyu daga gidan, rufinsa kawai ya tafi. Ya duba itatuwa, da ɓawonsu a jiki. Ya dawo ya durƙusa, ya shafa zaren ƙarfe ɗaya da yatsa, ya nuna wa wayar Garrett.

"Matso da ita, samari, masu kallonka su gani. Tsatsa ce daga sama har ƙasa, iri ɗaya. Da noti ya taɓa zama a nan, da ya bar zobe. Wannan ƙarfe bai taɓa ganin noti ba."

Ya bi talatin da biyun duka. Sannan ya tsallaka ɓangaren gareji ya tsaya ya daɗe.

"Ku zo ku ga aiki," ya ce wa abokansa. "Goma sha ɗaya, duk a ɗaure. Katakon ne ya tsage, notin bai saki ba. Da haka aka yi wa sauran, da matar nan rufi kawai za ta sake." Ya miƙe. "Biyu ce, kamar yadda abokiyar aikina ta rubuta. Amma hannu biyu ne suka yi gidan nan. Ina maginin?"

Alvin ya matso. "Ga ni."

"Wa ya yi ɓangaren gabas?"

"Shagona ne ya yi."

"Ba shago na tambaya ba, dattijo."

"Iyakar amsata ke nan."

Lavonne ta gyara zama a kekenta da ƙyar.

"Garrett, ɗana, zo nan."

Ya zo, wayar tana kallon daɓen.

"Juya abin nan ya kalle ka. Ai ka saba."

Ya juya.

"Ni tsohuwa ce, amma ban manta abin da na dafa ba. Ranar da aka yi wa Alvin aiki a gwiwa, na kawo wa ma'aikata kaza da dankali na mutum biyar. Mutum huɗu suka ci. Na ce ina Garrett, aka ce ya tafi Oklahoma. Washegari haka, jibi haka. Kwana uku karen Unruh yana cin rabonka. To ina tambayarka a gaban Allah da mutanen cikin wayarka: wa aka bar wa notina?"

Charlene ta saki keken ta dubi mijinta. "Garrett?"

Ya dubi Alvin, Alvin yana kallon ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Ni aka bar wa. Na ce masa na ɗaure. Ban ɗaure ba."

"Ɗaga murya," Lavonne ta ce. "Ranar da nake cikin rami ba haka kake magana ba."

Ya maimaita da ƙarfi, har na bakin gona suka ji. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shi ya kira injiniyoyin, shi ya tara garin, shi ya riƙe wayar.

Alvin ya taka zuwa gaban keken ya cire hularsa.

"Lavonne, ni na miƙa masa sifana, ni kuma ban koma na duba ba. Ki ɗora rabin a kaina."

Ta dube shi. "Rabinka na yafe, Alvin. Nasa sai na sake tafiya da ƙafata tukuna."

Garrett ya rufe shafinsa a makon. Yanzu shi ke kai Lavonne gashin ƙashi sau uku a mako, ba ta yi masa magana a hanya. Ya rubuta wa Ybarra takardar ban haƙuri. Abin da ke tsakaninsa da matarsa nasu ne, ba na shafin nan ba.

Alvin kuwa, waɗanda suka kalli hoton daga nesa ba Garrett suka riƙe ba, guntun bangon gareji suka riƙe. Manoma daga gundumomi uku suka fara kira, har daga Nebraska, kowa yana son mai noti goma sha ɗaya ya gina masa ɗakin ɓuya. Baƙi sun san darajarsa da kallon minti biyar. Mu da muka zauna a ƙarƙashin rufinsa shekara arba'in, kwana biyu muka ɗauka muka zubar da shi.

To me garinmu ya yi? Ranar wata Laraba Duane ya lallaɓa ta ƙofar bayan shago da kek na tuffa da matarsa ta gasa.

"Alvin, ka san yadda abubuwa suke. Kwamiti ya ce in kana so ka dawo kan aikin, ba komai."

Alvin ya karɓi kek ɗin. "Ka gode wa Doris. Zan yi tunani."

Mako biyar ke nan yana tunani. Ɗakin ɓuyar cocin har yau rami ne cike da ruwan sama, allon shagonsa yana jingine a bayan ƙofa.

Ban yarda da wannan ba, kuma ba zan yarda ba. A gaban mutum tamanin aka cire shi, ba za a mayar da shi ta ƙofar baya da kek ba. Cikin taran da suka ɗaga hannu, biyu ne kawai suka je suka ba shi haƙuri. Cikin ɗari biyu da goma sha bakwai da suka sa hannu aka ci mutuncin ma'aikaciya don ta faɗi gaskiya, ban ji wanda ya rubuta mata layi ɗaya ba. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa yaran garin nan cewa inda ka yi kuskure nan za ka yi gyara, a shafi ɗaya, da rubutu mai girma ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kunya. A makon da rahoto ya fito, kusan duk wanda Alvin ya gina wa gida ya ɗauki tocila ya leƙa ƙarƙashin gidansa ya duba, domin yawancin gidajenmu, ba kamar na Lavonne ba, suna da ɗakin ƙasa inda ake iya ganin notin. Kowa ya tarar da notinsa a ɗaure tamau. Kowa ya kashe tocila, ya yi ajiyar zuciya, ya tafi taron coci ya yi shiru. Na sani, domin ni ma na duba. Ashirin da takwas ne a gidana, ko ɗaya bai motsa ba. Ina layi na huɗu a bayansa ranar da aka ɗaga hannu, ina kallon ƙeyarsa, ban ce uffan ba.

Ranar Lahadi mai zuwa, bayan sujada, a wannan zauren, ina so bakwai ɗin da suka rage su miƙe su janye hannunsu da baki. Ina so duk wanda ya leƙa da tocila ya faɗi abin da ya gani, da adadinsa. Duane, na koyar da kai ma, ka san ba na maimaita magana sau biyu. Kada wani ya ce kunya ce ta hana shi tashi. Ni zan fara.

Darasi: Aikin da ka bari don ba mai gani, akwai ranar da iska za ta yaye bango ta nuna shi, kuma sau da yawa kan wani bawan Allah yake fara faɗawa. In ka san gaskiyar mutum ana cin namansa ka yi shiru, kana cikin masu ci. Wanda ka kunyata a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa wasu wannan labari, musamman wanda kuka san akwai ban haƙuri a wuyansa yana ta ɗaga shi zuwa gobe.